Takardar Sallamar Ɗan Aro

Har yau ba na sa takalmi sai na ɗaga shi na buga dunduniyarsa sau biyu a jikin bango, na leƙa ciki, sannan na zura ƙafa. Ko silifas ne, wanda ba shi da cikin da za a leƙa, sai na yi. Jikokina sun yi dariya har sun gaji sun bari. Marigayiya uwargidana takan ce, "Alhaji, kunamar da ta iya ɓuya a cikin silifas ai ta cancanci ta harbe ka." Ni dai ba na tanka mata, don sabo turken wawa ne, kuma ban taɓa zaton wannan wauta tawa za ta wanke ni wata rana a idon jama'a ba.

Lokacin da na zo Makka, Utaibiyya unguwa ce da kake jin Hausa tun daga bakin lungu. Da hantsi za ka ji lugude daga gidajen da ke kan tudu, ƙanshin daddawa na bin iska, wata na kiran ɗanta da sunan da uwarta ta raɗa masa tun daga Kano. Da safe a sayo burodin tamis da waken ful wajen mai tanda, da daddare kuwa tuwo ne, ba fashi. Bayan La'asar dattawa su taru a ɗakin baƙina, a dafa shayi, a yi ta hira har a kira Magariba. A wancan zamanin mutum da bakinsa ake saninsa. In ka ce ka ga abu, an yarda ka gani, sai fa in an taɓa kama ka da ƙarya. Yanzu an rushe tudu da yawa an yi benaye, turmi ya koma kayan ado, yara kowa da wayarsa a hannu. Ka ba yaro labari, kafin ka rufe baki ya latsa ya duba ko haka ne. Hausar ma ta zama ta gaisuwa, in ka ja su da nisa sai su koma Larabci.

Ni Bakano ne, ɗan mahauta, a kwata na tashi. Kafin gari ya waye muna can, ana kukan shanu, ana wasa wuƙa a dutse, ungulaye sun jeru a kan katanga suna jiran rabonsu. Aikina na farko riƙe ƙafa, daga nan na koyi fiɗa, daga nan na koyi saɓa cinyar sa a kafaɗa na kai kasuwa ba tare da na sauke ba. Mahaifina mutum ne mai ƙarancin magana. In mai saye ya ce naman jiya ne, ba ya musu, sai ya ɗaga shi sama ya juya. Yakan ce da ni mahauci ba ya rantsuwa, ɗaga naman yake yi a gani. Da ƙuruciya ta ɗebe ni na shiga soja, bai hana ni ba, ya ce dai kada na yar da wuƙata. Haka kuwa aka yi, ina gama kurtu aka tura ni wajen masu dafa abinci, na ci gaba da yanka, sai dai yanzu cikin kaki. Abin da na fi tunawa a bariki shi ne bigilar asuba. Sautinta na ratsa barci kamar ruwan sanyi, sai ka ji takalma ɗari sun sauka ƙasa lokaci guda.

Wata rana aka ce wata bataliya za ta tafi wata ƙasa aikin raba faɗa. Ba tamu ba ce, amma mahaucinsu ya kwanta rashin lafiya, Musulmin cikinsu kuma suka ce ba za su je su ci mushe ba. Sai shugabansu ya roƙi namu, aka ba da ni aro kamar yadda maƙwabta ke aron turmi. Ba a tambaye ni ba, ni ma ban tambaya ba, na naɗe wuƙaƙena na hau jirgi. Tun a hanya suka sa mini suna Ɗan Aro, har na dawo ba wanda ya kira ni da sunan yanka.

Ƙasar kurmi ce, wadda sunanta ma ya canza bayan mun baro ta. Ruwan sama ba ya ɗaukewa, bishiyoyi sun rufe rana, tufafinka ba sa bushewa. Duk abin da ke rarrafe a dajin nan takalmin soja ne masaukinsa: kunama, shanshani, da wasu ƙwari da ba mu san sunansu ba. Bayan an harbi mutum biyu a yatsa, samanjanmu ya kafa doka. Kowace safiya, bigila na yin shiru, sai ka ji muryarsa daga ƙarshen tantuna yana cewa, "Buga kafin ka sa!" Sai sansani ya ɗauka gaba ɗaya, ƙwas ƙwas, kowa na buga takalminsa sau biyu a jikin turken tanti. Wanda ya manta ya sha gwale-gwale a cikin taɓo har rana ta take. A nan ne abin ya shiga jinina.

Ranar kogi kuwa ba yaƙi muka fita ba, shanu muka je sayowa a wani ƙauye, ni da wani laftana saurayi da 'yan rakiya kaɗan, har da mai busa mana bigila. A dawowa muka tarar an karya gada, kafin mu yi shawara harbi ya tashi daga cikin duhuwa. Shanu suka watse, laftana ya faɗi, harsashi ya same shi a cinya. Ban san komai na asibiti ba, amma na san inda jini ke bi a cinya, don na fiɗe dubunta. Na zaro igiyar da nake ɗaure ƙafar sa, na ɗaure sama da raunin tamau, na saɓa shi a kafaɗa yadda nake saɓa nama zuwa kasuwa, na faɗa ruwa. Ruwan ya kai mini ƙirji, ya kai wuya, yana ja na gefe, shi kuma yana ta kiran uwarsa a kunnena. Tsoro kam na ji shi. Abin da ya riƙe ni shi ne mai busa bigilarmu da ya riga mu hayewa, ya tsaya a gaɓa yana busa don 'yan sansani su ji, ni kuma na bi sautin har ƙafata ta taɓa yashi.

Aka yi fareti, wani babban hafsa ya maƙala mini minda a ƙirji, ya girgiza hannuna. Da yamma samanja ya bi ya karɓe mindodin, ya ce za a kai a zana sunan kowa a bayan tasa. Kafin su dawo, bataliyata ta aiko cewa a mayar mata da turminta, aka sa ni a jirgi na koma gida. Na ci gaba da yanka har lokacin sallama ya yi. Wani akawu ya miƙo mini takarda mai hatimi, na dangwala yatsa, na ninke ta na sa a aljihu. Ban yi boko ba, ban kuma ga dalilin ba wani ya karanta mini ba. Na san abin da na yi, na ɗauka takarda ma ta sani. Daga nan na zo aikin Hajji, na samu aikin yankan hadaya a Mina, Allah ya sa a nan zan zauna. Takardar ta shiga akwatin ƙarfe, ƙarƙashin zannuwan uwargida.

Labarin kogin nan na ba da shi a ɗakin baƙina ba adadi. Mai ja da ni kullum mutum ɗaya ne, wani tela Bazazzagi, maƙwabcina. Tsakanin Bakano da Bazazzagi kuwa wasa ne, duk abin da ya faɗa ba ni da damar fushi. Yakan ce kowace shekara kogin na ƙara faɗi, laftanan na ƙara nauyi. Mai sauraro ta gaskiya ita ce jikata ta fari, wadda nake kira Amarya. Tana ƙarama takan zauna a bakin ƙofa ta zuba tagumi, in na zo wajen ruwa ya kai wuya sai ta ɗaga haɓarta sama kamar ita ce a ciki. Wata La'asar tela ya matsa mini, har ya ce to ina mindar. Zuciya ta ɗebe ni, na tuna maganar mahaifina, na ce yau zan ɗaga naman a gani. Na aika aka ɗauko takardar. A lokacin Amarya ta fara Turanci a makaranta, na miƙa mata ina hura hanci, na ce ta karanta wa kakanninta. Ta karanta sunana, ta karanta lambata, ta ce sana'a mahauci, kowa ya gyaɗa kai. Sai ta tsaya, yatsanta a kan layi. Na ce ta ci gaba mana.

"Ya Jaddi," ta ce, yadda take kiran kakanta da Larabci, muryarta ƙasa-ƙasa, "a nan an ce aiki a ƙasar waje. Ma fi. Babu. A nan kuma lambar yabo. Shi ma babu."

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Wani ya gyara zama, wani ya ce shayin ya huce. Tela ne ya naɗe tabarmar kunya da hauka, ya ce to daga yau sunana Alhaji Babu. Sunan ya bi ni har masallaci, har wajen mai tanda. Wannan duk na iya haɗiye shi. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne Amarya ba ta sake cewa na ba ta labarin kogi ba. Ba ta raina ni ba, tana gaishe ni, tana kawo mini ruwa, amma in aka fara hirar soja sai ta tashi a hankali ta shige ciki, don kada ta ga an kunyata kakanta. Tausayina take ji, ni kuwa da a tausaya mini a kan ƙaryar da ban yi ba gara a zage ni.

Na hau mota na tafi Jidda, ofishin jakadancinmu. Wani ma'aikaci mai kirki ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ga alama akawun littafin bataliyata kawai ya duba, a can kuwa ban motsa ko'ina ba. Ya ce ana gyarawa, amma sai na kawo wanda muka yi aikin tare, wanda tasa takardar ta nuna ya je, ya rantse ya gan ni a can, sannan a buɗe littattafan ɗaya bataliyar. Na dawo gida ina tunani. Mutanen da ban san sunan yankansu ba, su ma ba su san nawa ba, ina zan gan su? Uwargida ce ta ce, "Kai da kake zaune a Makka? Duk wanda ka sani a duniya, in yana da rabo, nan zai zo ya same ka. Ka zauna kawai ka buɗe ido." Na ce a cikin harami kowa fari ne, ba igiyar muƙami ba hula, ga tsufa ya sauya fuska. Ta dubi ƙafata, ta ce ai akwai abin da tsufa bai sauya mini ba.

Daga shekarar nan na zama mai kallon takalma. In na gama yanka a Mina sai na zaga tantunan alhazanmu, na tsaya nesa kaɗan ina duban masu fitowa. A da kana shiga ko'ina ka gaisa da mutanen garinku, a ba ka goro da labarin gida. Daga baya komai sai da tasrihi, wato takardar izini, ga shinge ga masu gadi. Na yi kuskure ba sau ɗaya ba. Na taɓa rungume wani dattijo da na ga ya buga takalminsa, ashe manomi ne daga ƙasar da kunama ta yi yawa, bai taɓa ganin cikin bariki ba, ya ɗauka aljihunsa nake nema. Wani kuma soja ne na gaske, amma ɗan bayanmu ne, wata ƙasar ya je. Tela na jin labari ya ce Alhaji Babu ya koma gadin takalma. A cikin shekarun nan gwiwoyina suka gaza, na bar yanka, uwargida kuma ta riga ni gidan gaskiya. Ita dai ba ta taɓa shakka ba, takan ce ta sha jin ina iyo a cikin barci. Na so ƙwarai a ce ta ga ƙarshen abin. Da na daina iya zuwa Mina, sai na koma Jarwal inda alhazai ke sauka, na ajiye kujerar roba a ƙofar wani ƙaramin masallaci.

A nan ne, bayan wata Azahar, wani tsoho siriri ya fito yana dogara sanda. Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki silifas ɗinsa, ya buga shi a bango, ƙwas ƙwas, ya kawo shi kusa da ido ya leƙa. Ya ɗauki ɗayan ya yi masa haka. Manomi sau ɗaya yake kakkaɓewa ya wuce, wannan kuwa bugun doka ne. Ban tashi ba, na gyara murya na yi irin ta samanja, na ce, "Buga kafin ka sa!" Tsohon nan ya saki sanda ya ƙame, ƙirji a gaba, a tsakiyar alhazai. Sannan ya juyo a hankali yana dubana, ya daɗe yana duba. Na ga leɓensa na sama da 'yar kanta a tsakiya, irin na wanda ya shekara yana busa.

"Ɗan Aro," ya ce. "Ashe ba a mayar da kai ba?"

Mai bigila ne. Muka riƙe juna muna kuka muna dariya, mutane na ratse mu suna cewa tsofaffin sun sha rana. Ban bar shi ya koma masauki ba, na sa shi a mota sai Utaibiyya, na aika aka kira kowa. Ban ce masa komai ba, na ce dai ya ba su labarin kogi. Ya kuwa bayar. A bakinsa kogin ya ninka nawa faɗi, ya ce har da kadoji a ciki, waɗanda ni ban gani ba don ban waiwaya ba. Ya ce daga gaɓa kaina kawai yake hangowa da mutum a kai, yana busa yana addu'a har leɓensa ya fashe. Wani dattijo ya ce ashe Alhaji ragewa yake yi. Tela ya kurɓi shayi ya ce tsoho biyu sun haɗa baki, shi takarda ce ta ce babu, sai takarda ta ce akwai. Na ji haushi, amma gaskiyarsa ce.

A lokacin Amarya ta girma, tana aikin jinya a asibiti. Ashe tana bayan labule ta ji komai. Da baƙi suka watse ta fito idonta jajir, ta ce, "Halas, shi ke nan, ya Jaddi, wannan mu'amala ta bin takardu tawa ce." Ita ta ɗauki hoton takardar mai bigila da wayarta, ita ta rubuta koke, ita ta yi ta bin Jidda. Mai bigila kuma da ya koma gida ya je gaban alƙali ya rantse, ya sa ɗansa ya yi ta zirga-zirga tsakanin ofisoshi. Aka ce a kawo hoto, aka kawo. Aka ce a jira, muka jira. In na ce na gaji, sai ta ce ai wanda ya haye kogi da mutum a kafaɗa ba zai nutse a kan tebur ba. Hausarta ma ta miƙe a wannan tsakanin, don kullum tana waya da mai bigila, shi kuwa ba ya jin Larabci ko na sayen ruwa. Da aka buɗe littattafan ɗaya bataliyar aka same ni a ciki, an rubuta cewa aro aka yi.

Da alhazai suka sake zuwa, ɗan mai bigila ya sauka da saƙo: sabuwar takarda, da ƙaramin akwati. Ban buɗe ba. Na sa aka dafa shayi, aka taru bayan La'asar, waɗanda suka rage a cikinmu, don da yawa sun tafi. Amarya ta tsaya a bakin ƙofa cikin abayarta, daidai inda take zama tana yarinya. Ta karanta sunana, ta karanta lambata, ta ce sana'a mahauci. Ta kai kan layin nan ta tsaya, ta ɗago ta dubi tela.

"Baba, ka saurara da kyau," ta ce masa, da Hausa tsantsa. "Aiki a ƙasar waje, akwai. Lambar yabo, akwai, saboda ceton ran hafsa a cikin ruwa, ana harbi."

Aka ɗauki kabbara. Na buɗe akwatin, ga minda, na juya bayanta, ga rubutu an zana. Amarya ta ce sunana ne, na yanka, da na mahaifina. Daɗin da na ji ban taɓa jin irinsa ba tun ranar da na fara ganin Ka'aba. Na ɗaga ta sama na juya ta kowa ya gani, yadda mahaifina ke yi da nama.

Tela ya ajiye kofin shayinsa. Ya tashi ya fita, har na ɗauka kunya ce ta kore shi. Sai ga shi ya dawo da allura da zare da tabaransa mai kauri. Ya ce na kawo rigata ta Idi, minda irin wannan ba a maƙala ta da fil kamar ta 'yan makaranta. Idonsa ya yi rauni, sai da Amarya ta zura masa zaren. Ya zauna a gabana ya ɗinke ta a ƙirjin rigar, ɗinki ƙanana a jere, ya ciji zaren. Ya miƙo mini ya ce, "Ungo, Alhaji Akwai. Amma kadojin nan ban yarda da su ba."

Aka kira Magariba, na sa rigar, muka fito. A bakin ƙofa na sunkuya na ɗauki takalmina kamar kullum. Kafin na kai shi bango sai na ji ƙwas ƙwas a gefena. Tela ne, da nasa a hannu, yana leƙa ciki. Na bayansa ma ya ɗauka ya buga, na bayansa ma haka, har lungu ya ɗauka. Na tsaya na jira suka gama, sannan na buga nawa na sa, na shige gaba suka biyo ni masallaci.